Inda Na Ajiye Gwaggo a Cikin Kwamfuta

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kai Gwaggo Hajo kallon kwamfuta ba, duk da na yi iya ƙoƙarina in manta. Ƙarshen shekarun tamanin ne. Na dawo daga jami'a ina ji da kaina, na samu aiki a wani ofishin injiniyoyi a Dutsin-Ma. Kwamfuta ɗaya tal ce a wurin, kuma Mista Okon mai kula da ita yakan bar ni in taɓa ta in an tashi aiki.

Zuriyar kakanmu na Kurfi ta fi ƙarfin takarda, sai na ƙudura in zana ta yadda za a riƙa juya ta. Kaka a ƙololuwa, 'ya'yansa sun kewayo ta ƙasa kamar jinkar rumbu, kowanne da tasa ƙaramar jinkar ta jikoki. Ka danna maɓalli, abin ya juya a hankali, na baya su dawo gaba. (Lokacin gani nake duk ƙasar Katsina ba a haifi kamata ba.)

Gwaggo yayar babana ce. Allah bai ba ta haihuwa ba, ni kuma ɗan fari ne, ana yaye ni aka kai mata riƙo. Ita ta goya ni, ita ta yi jinyar ƙyandata. Don ta yi alfahari da ni na ɗauko ta daga Kurfi.

Ta cire takalmi a bakin ofis. Mista Okon ya ba ta kujerarsa, ya ce, "Mama, ga aikin ɗanki." Na kunna, ina juyawa ina kiran sunaye, tana ta murmushi.

Can ta ce, "To, ina ni da kai?"

Na juya, na sake juyawa. Sai ga ta can baya, ɗigo guda, babu komai a ƙarƙashinta. Ni kuwa ina reto a jinkar Baba. Tsarin da na rubuta mahaifi ɗaya yake bai wa kowa, na bi jini ban ko tsaya tunani ba. Gwaggo ba ta karatun boko, amma ganin fili ba ya buƙatar karatu.

Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce a hankali, "Abin ga bai yi ƙarya ba. Shi dai bai san goyo ba."

Mista Okon ya samu abin kallo ta taga. Kunya ta rufe ni, tausayinta ya fi kunyar. Na cire sunana daga wurin Baba na mayar ƙarƙashinta. Wani siririn layi ya sauko daga ɗigon nata. Ta sa yatsa a gilashin ta bi shi har ƙasa, ta ce, "Bar shi haka nan, kada ka ƙara juyawa."

Tun daga ranar, kafin in koya wa na'ura wa ya haifi wa, sai na fara tambayar wa ya goya wa.