Zaren Fiffiken Mama Tabita

A Dajin Rimi Uku, ikilisiyar tsuntsaye tana taruwa a gindin wata tsohuwar tsamiya, kuma kowa da ƙafa yake zuwa sujada. Da can ba haka ba ne. A zamanin kakanni, in waƙa ta yi daɗi, sai jama'a su tashi sama suna yabon Ubangiji. Ran nan fiffiken wani ya ture ƙoƙon Jibin Ubangiji, sai Majalisar Dattawa ta ce a ɗaure fikafikai da zare, na Lahadi ɗaya tak. Lahadin nan ce ba ta ƙare ba har yau. Yanzu ranar baftisma ake ɗaura zaren, ba a kuma kwancewa. Na dattawa ne kawai mai zarge, wanda ake iya kwancewa, saboda tafiye-tafiyen aikin bishara, in ji su.

Akwai wata tsohuwar kurciya a zumuntar mata, Mama Tabita, wadda ta ga mahaifiyarta tana waƙa a sama. A babban taron shekara ta miƙe.

Ta ce, “Iyayena dattawa, 'yan'uwa cikin Almasihu, ban zo da faɗa ba. Shekara arba'in nake share gindin tsamiyar nan. Amma addu'ata ta bushe, ina buɗe baki, zuciyata na rufe. Ku kwance ni sau ɗaya, in yabi Mai Cetona da fiffiken da ya ba ni kafin in mutu.”

Wasu mata suka sunkuyar da kai suna share hawaye.

Shugaban majalisa, ungulu Baba Irmiya, ya gyara murya. Ya ce, “Mama, mun ji, kuma muna ƙaunarki. Sai dai Allahnmu ba Allahn rikici ba ne. In kowa ya tashi, wa zai san inda kowa ya sauka? Za mu kafa kwamiti.”

Aka kafa. Kwamitin ya zauna damina bakwai, ya ci tsaba mai yawa. Don kada wasu su yi koyi da ita kafin a gama bincike, aka sa Tabita a horo, aka mayar da ita bencin baya kusa da ƙofa, aka hana ta Jibi. Ba ta fasa zuwa ba ko sau ɗaya. Ƙawarta Briskila, wata zabuwa mai kaɗa tulu a zumunta, ita ce ke rako ta.

A damina ta takwas magatakarda Shamuwa ya karanta hukunci: ranar Fentikos, idin saukowar Ruhu Mai Tsarki, za a kwance Tabita, tsawon baiti ɗaya na waƙa. Kai, ranar ko wurin tsayawa babu! Aka yanke zaren, Briskila ta buga tulu, jama'a suka ɗauki waƙa. Tabita ta ɗaga kai, ta yunƙura. Fikafikan suka ƙi. Sun riga sun manne da jikinta. Ta sake yunƙurawa, ta faɗi rubda ciki a ƙasa, baitin kuwa ya ƙare.

Baba Irmiya ya ce, cikin tausayi ƙwarai, “Kun gani da idonku. Ba mu muka hana ba.”

Tabita ta tashi ta kakkaɓe ƙirjinta. Ta miƙa wa Shamuwa bayanta, ta ce, “Ɗaura mini, Magatakarda. Na makara.”

Aka ɗaura, aka maido ta layin gaba, aka yi mata tafi. Ba ta ƙara buɗe baki a waƙa ba. Kafin lokacin kaka ya zo, ta rasu.

Majalisa ta ce a binne ta da zarenta, shaidar ta mutu cikakkiyar 'yar ikilisiya. Briskila ce ta yi mata wanka. Ta tsinke zaren da bakinta, ta jiƙa fikafikan da ruwan ɗumi, tana buɗe su gashi bayan gashi tana kuka. Ashe farare ne tas daga ciki, ba wanda ya taɓa gani. Haka mata suka ɗauko ta a buɗe har maƙabarta.

A bakin kabari aka tsaya cirko-cirko. An haƙa ramin daidai da ɗaurarriyar kurciya, gawar ta ƙi shiga.

Briskila ta durƙusa ta ce, “Baba, don Allah a ƙara faɗinsa. Mu mata za mu tona da ƙafarmu.”

Baba Irmiya ya dubi Shamuwa, Shamuwa ya dubi kundin tsarin ikilisiya. Magatakardan ya ce faɗin kabari a rubuce yake.

Sai aka naɗe ta, aka ɗaure, aka rufe. Ranar Lahadi aka sanar an sa Briskila a horo. Tana can bencin baya har yau, a wurin da Tabita ta zauna, ba kuma wanda ya sake kaɗa tulun.