Tukunyar Mutum Ɗaya

"Lafiya lau, Iya. Ya zafi? Ya ƙafar kuma?"

"Ƙafa tana gaishe ka. Wa ya kai maka zancen ƙafa?"

Najib ya jingine babur ɗinsa a gindin darbejiyar tsakar gida, ya kwance wani ƙulli daga bayan kujera, ya zo ya durƙusa gaban tabarmar kakarsa.

Iya Kaltume ta haura shekara arba'in tana tuƙa tuwon gida mai mutum goma sha bakwai. Maigidan ya rasu bara waccan, 'ya'ya maza sun kwashe iyalinsu sun koma Kano, mata suna ɗakunan aurensu. An yi juyin duniya ta bi wani, ta ce ba inda za ta. Gida ya zama daga ita sai awaki biyu da kaji, amma tukunyar tuwo ba ta canza ba, ita ce dai tsohuwar nan ta dalma da yaro zai iya ɓuya a ciki. Sati biyu da suka wuce tana ƙoƙarin gyara mata zama a murhu, talge ya kwaro mata a ƙafa. Sauda matar maƙwabci ta buga wa babban ɗan Iya, Muhammadu Sani, waya. Shi kuwa ya yanke magana: ko ta rabu da tukunyar nan, ko ya zo da mota ya ɗauke ta, ko tana so ko ba ta so. Ɗansa Najib, da yake koyarwa a wata firamare a Kunci, yana zaune shi kaɗai a ɗakin haya, shi aka ɗora wa isar da saƙon. Ranar ya biya ta kasuwar Ɗambatta tukuna.

Iya ta ja ƙullin gabanta tana cewa Allah ya sa tsire ne, don rabonta da ganin alherin wannan mijin nata tun yana tafiya ba wando. Da ta kwance sai ta ɗaga abin da yatsa biyu, ta leƙa cikinsa, ta leƙa gindinsa.

"Mene ne wannan?"

"Tukunya ce."

"Ina uwarta? Wannan ai ba a yaye ta ba. Mayar da ita ta ƙarasa shan nono."

"Iya, tukunyar mutum ɗaya ce."

"Mazan kirki suna kawo wa matansu atamfa, ni nawa ya kawo mini kwanon shan ruwan kaji. Da wannan kake so in fita kunyar mutane?"

"Waɗanne mutanen? Ku nawa ne a gidan nan?"

"Ni, sai baƙon da Allah ya kawo."

"Yaushe rabon da baƙo ya zo?"

"Ga ka nan zaune kamar an dasa ka."

Najib ya miƙe ya nufi madafa, tana kiransa ɗan sa ido. Abin da ya gani ya fi abin da aka gaya masa. Fanteka cike da tuwon jiya, malmala bakwai ba a taɓa ba. A kan rufin ɗakin kaji an shanya na shekaranjiya ya bushe ƙayau. Awakin nan biyu suna kwance sun yi ɓul-ɓul, ga dusa a gabansu ko kallonta ba sa yi. Ya ɗauko fantekar ya dire a gabanta, ya tambaye ta wa zai ci wannan. Ta ce tana aika wa maƙwabta. Ya ce Sauda ta gaya masa su ma suna girki a gidansu, har yaranta sun fara ɓuya idan suka hango ta da kwano a kan katanga. Ta ce Sauda bakinta ya fi rediyo, kuma miyarta kamar ruwan wankin kwanuka, ba abin mamaki ba ne 'ya'yanta su manta ɗanɗanon abinci.

Ya share zufa ya faɗa mata saƙon babansa ba ragi. Iya ba ta faɗar sunan ɗanta na fari, sai dai ta ce "ubanka".

"Ubanka da wannan tukunyar aka yi masa ƙashi. Yanzu ita ce abokiyar gaba? Ya zo da motar, ya tarar da ni a kan darbejiya."

"Da wannan ƙafar za ki hau?"

"Da ita zan shure ka ma."

Daga nan ta juyo kansa. Ta ce ai shi ne ƙarshen wanda zai koya wa mutum girki, don Basiru ɗan acaɓa ya shiga ɗakinsa a Kunci ya kawo mata rahoto kaf. A butar shayi yake dafa indomi, a murfi yake ci. Cokali ɗaya gare shi, da shi yake juya shayi, da shi yake ɗaure kusar babur. Akwai wata tukunya a bayan ƙofa da ta yi gashi har ana iya yi mata kitso.

Najib ya ce Basiru maƙaryaci ne, kuma ko da gaske ne, cokalin yana wanke shi.

"Ni da kike gani, idan na ɗora girki maƙwabta rufe taga suke yi, kada yaransu su ƙi cin na gida."

"Rufe taga kam dole. Hayaƙi da ƙauri ba sa barin mutum ya yi salla cikin natsuwa. Dubi wuyanka kamar na zakaran da ya sha jinya. Garin kwaki da suga sun cinye mini miji."

"Ke kuma awaki sun cinye miki rumbu."

Wannan ta shige ta, don gaskiya ce. Ta yi tsaki, ta tura masa 'yar tukunyar da ƙafarta mai lafiya. Ta ce tunda shi gwani ne, ga gari can a ƙwarya, ga kara, ga murhu. Ya tuƙa tuwon mutum ɗaya a cikin wannan abin wasan yaran. Idan ya ciwu, ta karɓa. Idan bai ciwu ba, ya ɗauki kayarsa ya koma, ya ce wa ubansa bai same ta a gida ba.

Najib ya naɗe hannun riga. Duwatsun murhun sun yi wa tukunyar faɗi, sai da ya matso da su da ƙyar, ya ƙona ɗan yatsa. Ya cusa kara da yawa, hayaƙi ya turnuƙe, hawaye suka wanke masa fuska. Iya tana kan tabarma tana ba da labarin abin da ke faruwa kamar akwai jama'a a tsakar gidan: ga malamin makaranta yana kuka, ga shi yana hura wuta da takardar jarrabawar yaran mutane. Da ruwa ya tafasa bai dama ruɗe ba, ya ɗebi gari ya antaya kai tsaye. Ta buɗe baki za ta yi magana, sai ta fasa, ta gyara zama. Ya yi ta fama da muciya har ya gaji, ya kwashe abin da ya samu ya kawo mata.

Ta gutsura, ta murza a yatsa. Wani gudaji ya fashe, ɗanyen gari ya zubo.

"Ma sha Allah. Kowace loma da tsaraba a ciki."

"Muciyarki ce ta yi girma."

"Kai wa awakin nan, in sun ci na yarda."

Ya kai musu don haushi. Babbar ta sansana, ta kau da kai.

Iya ta yi dariya har da tari, sannan ta ce ya matsa ya ga yadda ake yi. Ya ce ta zauna saboda ƙafarta, ta ce da hannu ake tuwo. Ya kawo mata kujerar tsuguno, ya wanke tukunyar, ya sake ɗora ruwa. Ta ja ƙwaryar gari, hannunta ya nutsa ya fito kamar yadda ya saba, ta dama ruɗe cikin ƙiftawar ido ta juye. Tukunya ta cika ta tumbatsa, talge ya malalo ta kowane gefe, wuta ta yi cuu ta mutu. Najib ya yi wuf ya janye mata ƙafa.

"Tukunyar nan ba ta da tarbiyya," in ji ta.

"Iya, ruɗen mutum goma kika zuba mata."

"Kaɗan na ɗiba."

"Kaɗan ɗinki ya ishi ajinmu gaba ɗaya."

Ta ce a sake. Ya sake hura wuta yana gunaguni, yana cewa shi ranar hutunsa ke nan ta tafi a hayaƙi, gari kuma yana ta asara. A karo na biyu ta rage hannu, talge ya yi daidai, amma wajen zuba gari hannun ya koma halinsa. Tuwo ya yi tauri har muciya ta tsaya a tsaye, da ta yunƙura za ta tuƙa sai tukunyar ta taso gaba ɗaya a jikin muciyar. Najib ya kama ta da tsumma ya sauke. Ya buɗe baki zai rama abin da ta yi masa, sai ya ga ba dariya take ba. Tana kallon tafin hannunta ne.

"Hannun nan bai san awon mutum ɗaya ba," ta ce. "Tun ina da shekara goma sha shida nake auna wa gida. Ko na ce masa ya rage, ba ya ji."

Najib ya shiga ɗaki ya ɗauko wani gwangwanin madara da take ajiye allura a ciki, ya zazzage. Ya ce daga yau hannunta ya yi ritaya, gwangwani ne zai riƙa awo: ɗaya idan ita kaɗai ce, biyu idan da baƙo. Ta ce ita ba ta taɓa ganin gidan mutunci da ake auna gari da gwangwani ba, sai gidan marowata. Amma ta bar shi ya auna biyu. Ita ta dama, ita ta tuƙa da wata guntuwar muciya da ta tuna tana saƙale a rufin madafa, shi yana riƙe da tukunya. Malmala uku suka fito, sumul, ba gudaji ko ɗaya. Ta ce tukunyar ce ta ji tsoronta.

Suka ɗumama miyar kukar safe, suka zauna a inuwa, kwano ɗaya. Ya ce daddawa ta yi yawa. Ta ce wanda ya saba da gari da suga ina ya san daddawa. Ya ce gishiri kuma bai ji ba. Ta ce harshensa ne ya mutu. Suna wannan har ya lura ta cinye malmala ɗaya ta kama ta biyu, kuma duk sanda ta ɗaga hannu awarwaronta yana zamewa har gwiwar hannu. Da can a wuyan hannu yake tsayawa.

"Iya, duk tuwon nan da kike tuƙawa, nawa kike ci?"

Ta lashe yatsa.

"Idan na kwashe sai in zauna in dube shi. Ba mai cewa gishiri bai ji ba, ba mai cewa a ƙara. Sai in sha ruwa in tashi."

Najib ya sunkuyar da kai. Ya ce shi ma a tsaye yake cin nasa, yana kallon waya, wata rana sai ya kwanta sannan ya tuna shayin safe ne kawai a cikinsa. Ta ce ai ta sani, wuyansa ya riga bakinsa faɗa. Ta tura masa sauran malmalar, ya turo mata, ta ce idan ya sake turowa za ta shafa masa a gemun nan nasa mai gashi bakwai.

Bayan la'asar aka koma kan babbar tukunya. Shi ya ce zai ɗaure ta a babur ya kai wa masu sayen tsohon ƙarfe. Ta ce sai dai ya ɗaure su tare. Aka yi ta ja har suka tsaya a kan za a kife ta a ɗakin marigayi, ba za a fito da ita ba sai da salla idan gida ya cika, kuma ba ita za ta ɗora ko ta sauke ba. Shi kuma zai riƙa zuwa duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci su ci tare. Ya ce sauran ranakun ta riƙa ɗaukar kwanonta ta shiga wajen Sauda su ci a tabarma ɗaya. Ta ce za ta duba, in dai ba za a tilasta mata miyar gidan ba. Ya mirgina tukunyar zuwa ɗaki tana bin sa da faɗa, kada ya buga mata baki, kada ya kife ta a ƙasa ba shimfiɗa. Ya fito duk baƙin tukunya a farar rigarsa, ya dubi rigar, ya dubi kakarsa.

Da zai tafi ta ɗingisa ta shiga ɗakinta, ta fito da kwalbar man shanu da ƙullin kuka da daddawa, da wani cokali sabo fil. Ta ce wannan na ci ne, kada ta ji an ce ya taɓa babur da shi.

"Ka gaya wa ubanka na karɓi tukunya, ya bar motarsa ta huta. Ka kuma gaya masa mijin da ya ba ni bai iya komai ba sai awo."

"Awon ne ya cece ki yau."

"Juma'a ka zo da cikinka fayau. Gwangwani huɗu zan auna."

Najib ya cire ƙafa daga kan babur ɗin da ya fara tayarwa.

"Biyu, Iya."

"Uku."

"Wallahi sai in sauka in kwana a nan ina gadin ƙwaryar gari."

Ta fashe da dariya har ta dafa darbejiya.

"To, biyu. Tafi ka ba ni wuri, marowacin miji. Amma ka sani, kowane gwangwani tozo zan yi masa."