Sunan Da Inna Ta Ƙi Faɗa

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba a asibitinmu na Gwiwa ba. Watana biyu ke nan da dawowa daga karatun kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, kaina cike da littattafan Turawa, ina jin ko dutse aka kawo mini zan sa shi ya faɗi damuwarsa.

Aka kawo wata dattijuwa, Inna Dije, daga wata ruga a wajen Roni. Ɗanta ya rasu a hatsarin babur a hanyar Babura, tun daga nan ta daina cin abinci sosai. Ranar akwai ɗalibai uku da aka turo su koyi aiki a wurina (kun san mutum in ya samu 'yan kallo). Na jera kujeru biyu suna fuskantar juna, yadda aka koya mana.

"Inna, ki dube ni," na ce. Ta dubi ƙasa.

"Yaya sunan marigayin?"

"Wancan ɗin," in ji ta.

Sau huɗu ina tambaya, har da tausasa murya irin ta malamarmu Baturiya. Sai na juya wurin ɗalibai, na gyara zaman gilashina (ba na magani ba ne, na ado ne), na ce, "Ku rubuta. Ba ta haɗa ido, ba ta iya furta sunansa. Wannan alama ce ta wadda zuciyarta ta ƙi yarda da mutuwar."

Iya Hauwa, tsohuwar ungozomarmu, tana bakin ƙofa tana ninke zannuwan gado. Ta ce, "Malama, ɗan farinta ne fa."

"To, sai me?"

"Ke ba 'yar fari ba ce? Kin taɓa jin sunanki a bakin mahaifiyarki?"

Wallahi ban taɓa ji ba. Shekara talatin da ɗaya "ke" nake a wurinta, ko "waccan". Abin da na tashi a cikinsa na mai da shi ciwo, don kawai babu shi a littafi. Na ji alƙaluman ɗaliban nan sun tsaya cak. Ɗayarsu ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa.

Iya ba ta ƙara bi ta kaina ba. Ta ture kujerun, ta shimfiɗa tabarma, ta zauna gefen Inna, su biyun suna kallon bango. Suka gaisa, aka tambayi shanu, aka tambayi damina. Can Iya ta ce, "Mai babur ɗin nan, an ce yana da kirki."

Sai Inna ta ɓalle. Ta yi kusan awa guda tana magana a kansa, ba ta ambaci sunansa ko sau ɗaya ba, amma na san tafiyarsa da dariyarsa. Tun da aka yaye shi kakarsa ta ɗauke shi. Ba ta taɓa zama hira da shi ba, ba ta taɓa yabonsa a gabansa ba. Abin da ke cin ta shi ne ko ya tafi bai san tana son sa ba.

"In ya dawo daga kasuwa, ɗakin wa yake fara ajiye tsaraba?" in ji Iya.

"Ƙofata. Ya ajiye ya wuce."

"To, ya sani. Irin maganarku ke nan, ke da shi."

Inna ta yi kuka har ta gaji, sannan ta ce ko akwai kunu. Ni ina tsaye riƙe da fayil.

Ban zubar da littattafaina ba, akwai amfani a cikinsu. Sai dai na gane waɗanda suka rubuta su 'yan garinsu suka duba, ba namu ba. Yanzu duk lokacin da na ga wata ɗabi'a na ji bakina na ƙaiƙayin ba ta sunan cuta, sai in fara tambayar kaina ko a gidanmu ma haka ake yi. Sau da yawa haka ake yi.