Rasuwar Wayar da Idirisa Ke Zuwa Ban Ruwa a Cikinta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki har ta rasa wurin ajiye shi, ni Mansura ta unguwar Zariya, a madadin mahaifiyarmu Inna Tsahara, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar wayata, wadda ta cika ranar Laraba bayan la'asar, a hannuna, bayan doguwar jinya.

Marigayiya ba sabuwa ta zo gidanmu ba. Ƙanena Idirisa ne ya saye ta, ta hannu, a Sabon Gari, da tabo a goshinta tun a lokacin. Ta yi zama da mu lafiya. Ba ta taɓa ƙorafin ɗaukewar kuran, wato wutar lantarki, ba, ta jure zafin bazara, ta jure hannun Inna mai man gyaɗa. Rezo, wato sabis na waya, idan ya gudu takan jira shi da haƙurin da ni ba ni da shi.

Babban aikinta a duniya shi ne riƙon wani lambu. Kafin Idirisa ya hau motar Agadas da niyyar Libiya, ya saka mana wasan noma a wayoyinmu biyu, wai don kada in manta ni 'yar masu lambu ce a Jiratawa. A cikin wasan kowa da lambunsa. Kana shuka tumatir da karoti da shu, wato kabeji, ka sayar wa maƙwabta, ka ɗauki raga ka bi ƙwari kana tarawa a kwalabe. Na yi masa dariya sosai. Mu da muka tashi muna ganin mahaifinmu yana yaƙi da ƙwari, yau ga mu muna lallaɓa buzuzu kamar baƙon kunya. Idirisa kuwa abin da ya dame shi ɗaya ne: a ce mutum ya kama fara mai ƙiba haka, babu mai, babu yaji, sai kallo.

Wasan ba ya barin a yi magana ko rubutu. Amma wanda ke da lambarka ta wasan yana iya shigowa lambunka, ya ba shuka ruwa, ya sayi kaya, ya bar tsaraba. Idan baƙo ya taɓa ƙofa, marigayiya takan ce “kilin-kilin”. Idan raga ta sauka kan malam-buɗe-littafi ta ce “fyat”. Tsakanin waɗannan kuma kukan gyare take yi a hankali, har Inna ta taɓa ɗaga tabarma tana nema.

Da farko Idirisa yana kira. Daga baya saƙon murya ne kawai, gajere, da iska a bayansa. Sannan lambarsa ta daina shiga, kuma waɗanda suka tafi tare da shi kowa da labarin da yake bayarwa. Damina ta wuce, wata ta biyo ta.

Sai dai ɗan mutumin nan mai malfa, wanda shi ne Idirisa a wasan, bai daina zuwa ba. Ban taɓa riskarsa ba. Nakan ji ƙarar ƙofa ina aji ko ina bakin murhu, kafin in duba ya tafi. Zan tarar da ƙasa jiƙe, an sayi tumatir da karoti, an bar fara guda a bakin ƙofa. Shu kuwa ko ganye ba a taɓa, kuma duk wanda ya san Idirisa ya san ko a biki sai ya tsince shu ya tura gefen faranti. Da na je nasa lambun na tarar ciyawa ta kai taga, kabewa ta ruɓe a inda take, ragarsa a jingine. Wanda ke shayar da nawa ya bar nasa ya mutu. Na tsorata ranar, ban kuma sake zuwa ba.

Bilal mai gyaran waya ya ce mini kada in ɗora rai. A cewarsa irin waɗannan wasanni sukan aiko da siffar wanda ya daina wasa, don kada kewa ta sa ka bari kai ma. Na tambaye shi ko injin ne ya gaya wa kansa a tsallake shu. Ya ce mai yiwuwa. Ban ji haushinsa ba, amma ban kai wa Inna wannan magana ba.

Domin Inna da marigayiya take rayuwa. Kowace safiya kafin ta sha koko sai ta tambaya ko yaron ya zo ban ruwa. Kawunmu Maman Lawali ya zo daga Tibiri ya fi a ƙirga yana cewa lokaci ya yi da za a tara mutane a yi wa Idirisa addu'a irin ta wanda ya riga mu. Inna takan sa in buɗe masa lambun, ta nuna jiƙaƙƙiyar ƙasa da yatsa, ta ce ba a zaman makokin mai ban ruwa. Haka wayar da ba ta kai tafin hannu ba ta tsare ƙofar gida ta hana makoki shiga.

Ciwon ajalinta ya fara da kumburin batiri. Sai zazzaɓi, har ba a iya riƙe ta sai da tsumma. Sai wani baƙin layi ya ratsa fuskarta yana faɗi kullum. Ranar Laraba ina tsakar gida ina tankaɗe ta ce “kilin”, sau ɗaya, rabin abin da ta saba faɗa. Na share hannu na ɗauka. Na ga ƙofar lambu a buɗe, na ga gefen malfa. Daga nan ta yi duhu. Bilal ya buɗe cikinta ya ce babu sauran abin yi.

Lambun yana nan inda yake, in ji shi, amma Idirisa ne ya buɗe shi da kalmar sirrinsa, ni kuma ban taɓa tambaya ba, don ban zaci zan buƙata ba. Sabuwar waya sabon lambu za ta ba ni, da sabuwar lamba da bai sani ba.

Marigayiya ta bar caja ɗaya mai ɗaurin leda, da riga fasasshiya, da tumatir nunannu da babu mai tsinka, da ƙwari cike da kwalabe. Ta bar tsohuwa guda da har yanzu take tambaya da safe, da ni da ban san abin da zan ce mata ba.

Game da jana'iza: ba za a yi wanka ba, marigayiya ba ta shiri da ruwa. Ba za a kai ta ko'ina ba. An naɗe ta a ɗankwalin Inna an sa a akwati. Za a karɓi gaisuwa a gidanmu ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Gaisuwar waya ce. Wanda ya san bakinsa zai kuɓuce ya ambaci wani suna, don Allah ya yi zamansa a gida, har da Kawu.

Ga masu wannan wasa kuma ina da roƙo. Idan yawo ya kai ku wani lambu mai suna Jiratawa Ƙarama, kuka ga mutum tsaye a ƙofa, ku ɗaga masa hannu, ku ɗan tsaya tare da shi. Da wasan yana barin magana, da na ce ku gaya masa ba tashi muka yi ba.