Yadda Dakta Sallau Ya Sha Maganin Mata

Wani mutum ne a kasuwar garinmu, Sallau mai magani. Amma in ba ka ce masa Dakta ba, ko sallamarka ba zai amsa ba. Karatun likitancin nasa kuwa bai wuce gilmawa ta ƙofar asibiti a kan babur ba. Yana da lasifika, yana da jarkoki, yana da baki. Kai, bakin nan! In ya fara zuba, sai ka rantse ciwo da kansa a wurinsa yake neman izini kafin ya kama mutum.

Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai, sarautar Sarkin Maganin kasuwa. Mai riƙe da ita ya rasu, dattawan masu magani suna laluben wanda za su naɗa, Sallau kuma ya rantse ko shi ko a fasa.

Rannan sai ga Hajiya Tasalla mai tuwo, mace ta doshi hamsin, tana tafe tana dafe kai.

"Hajiya, lafiya kike tafiya kamar an ɗora miki buhu?"

"Ina fa lafiya, Dakta. Al'ada ta rikice, jiki ya kumbura, ƙirji ciwo, abu kaɗan sai kuka. Jiya don miya ta yi gishiri na zauna na yi ta rusa kuka. Likita ta ce wai sinadarin mata ne, estirojin, ya yi mini yawa. Ta ce in rage maiƙo da zaƙi, in yawaita ganye, in riƙa tattaki, in koma a sake duba ni."

Sallau ya tuntsire da dariya har hula ta karkace.

"Ganye? Akuya aka mai da ke? Tattaki kuma, babbar mace kamarki? Haba Hajiya! Wannan sinadarin ai ni da shi mun saba. Ki dawo jibi."

Wallahi ranar ya fara jin sunan. Washegari ya sulale wani gari inda ba a san shi ba, ya shiga kemis, ya tambayi ƙwayar da ke da sinadarin mata a ciki. Aka nuna masa ta tazarar haihuwa. Ya kwaso da yawa. Lissafinsa mai sauƙi ne: ciwon sinadari, maganinsa sinadari. Macen da abu ya yi wa yawa, sai a ƙara mata. Ka ji ilimi! Ya dake ƙwayoyin nan lukwi, ya haɗa da tsamiya da citta da zuma, ya cika jarka, ya sa mata suna Daidaita Uwargida.

To, al'adar kasuwa ce, mai magani shi ke fara sha a gaban mai saye, don a ga ba guba ba ce. Sauran masu magani leɓe kawai suke jiƙawa. Sallau fa? Ina! Kofi yake cikawa taf, ya ɗaga sama kowa ya gani, ya kwankwaɗe, ya yi gyatsa a lasifika. Tasalla ta saya, ta kawo ƙawayenta, su ma suka kawo nasu. Kowace mace da kofinta a cikin Dakta. Wuni guda sai ya sha abin da ya fi na mata goma.

Bayan 'yan watanni, abu ya fara. Da farko ƙaiƙayi ne a ƙirji. Sai ciwo. Sai tudu. Sallau ya tsaya gaban madubi ya zare ido, ya ce, "Innalillahi!" Ya ce ƙiba ce ta jin daɗi. Amma wace irin ƙiba ce mai zaɓar wuri biyu ta zauna? Ga kuma saurin kuka. An sayar da wani rago a kusa da rumfarsa, ragon ya waiwayo ya dube shi, sai hawaye shar. Ya ce hayaƙin mai tsire ne. Tsoro ya kama shi sosai, amma daina shan kofi a gaban mata daidai yake da cewa maganin na da matsala, sarauta kuma ta tafi ke nan. Sai ya samu tsohon zani ya riƙa ɗaure ƙirji tamau, ya ɗora riga kan riga kan babbar riga.

Ranar naɗi ta zo a tsakiyar bazara, rana kamar ta narka kwano. An shimfiɗa tabarmi, makaɗa na ta kiɗa, dattawa sun jeru. Sallau na zaune yana gumi sharkaf, numfashi da ƙyar, yana ta baza murmushi.

Sai ga Tasalla da zugar mata, fuska ba annuri.

"Malam Sallau!" Yau babu Dakta. "Me ka zuba mana a jarkar nan? Na koma asibiti jiki ya ninka kumburi, likita ta ce abin da ake son ragewa ƙaruwa ya yi. Ta ce me nake sha?"

Kiɗa ya tsaya cak. Dattawa suka juyo.

"Sharrin asibiti ne!" in ji Sallau. "Baƙin ciki suke da ni. Itatuwa ne zalla, gadon kakanni. Ku miƙo jarka!"

Ya cika kofi, ya ɗaga sama, ya kwankwaɗe. Ya sake cikawa. Ya miƙe zai yi jawabi, sai duniya ta juya masa. Tim! Ya zube a kan tabarma.

"Zafi ne! Ku cire masa riga! Ku kawo ruwa!"

Aka cire babbar riga. Aka cire ta ciki. Aka cire ta cikin ta ciki. Wani dattijo ya ce, "Wannan mutum ne ko dilar gwanjo?" Sai ga zani a naɗe. Aka warware, aka sheƙa ruwa.

Wani makaɗi ya saki gangarsa ta faɗi. Babban dattijon ya kawar da kai yana salati. Mata suka dafe baki, sannan wata ta kasa riƙewa, sai dariya ta ɓarke har rumfar masu hatsi.

Sallau ya buɗe ido, ya ga sama, ya ga jama'a, ya ga kansa. Ya rungume ƙirji da hannu biyu.

"'Yan ƙwayoyi ne fa kawai na ƙara," ya ce, sai ya fashe da kuka wiwi.

Tasalla ta matso, ta tsuguna, ta yafa masa mayafinta a kafaɗa, ta dafa shi a hankali.

"Yi shiru, 'yar'uwa, duk mun san zafin abin. Ran Talata likitar mata ke zama. Ka fito da wuri, zan kama maka layi."