Mai Hura Kunun Zaki

A wani daji, shekarar da aka yi tarin nan mai sarƙe numfashi, manya suna zaune a kan tudu inda iska ke kaɗawa, ƙanana kuma a kwari, ashirin a rami guda. Tarin ya fara ta kwari, kamar yadda ruwa ke yi.

Zaki ya tara majalisa. Dila, malamin fada, ya karanta doka: "Kowa ya zauna a gidansa. Tsakaninka da ɗan'uwanka taku bakwai. An rufe hanyar tudu, sai ga masu hidima." Aka yaba, domin kogon kowane ɗan majalisa ya fi taku bakwai.

Cikin masu hidimar akwai Bushiya. A dajin nan babba ba ya hura kununsa, raini ne. Ita ke hura na Zaki kowace safiya. Tarin ya kashe mijinta ranar Talata, ga 'ya'yanta uku suna kwana jikin maƙwabta masu tari. Ta durƙusa a gaban Zaki.

"Ranka ya daɗe, raminmu duka taku biyar ne. In na ba da bakwai, sai dai in kwana a bakin maciji. Ga ramuka arba'in a gindin tudu, ba kowa ciki sai tsofaffin ƙasusuwa. A ba mu aro mu ware marasa lafiya, kada 'ya'yana su bi ubansu."

Kura, mai ajiyar ramukan, ta ce, "Ƙasusuwan nan na tarihi ne. Ku dai ƙazanta ce ke kashe ku. Da kuna wanka, da tari bai san ƙofarku ba."

Bushiya ta ce, "Gaskiya ne, Hajiya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma na nesa ya fi shi bayani. Tambaya ɗaya nake da ita. Numfashin da nake kwana ina shaƙa a rami, shi nake kawowa in hura kunun sarki. Gobe da wanne zan hura? Ba ni da na biyu."

Zaki ya dubi ƙoƙon da ya shanye da safe, ya yi gyaran murya. Gyaran muryar ya ɗan yi tsawo.

Kafin la'asar aka kwashe tarihi aka zubar a bayan tsauni. Kura da kanta ta yi shara, tana cewa dama shawararta ce. Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. Aka ware masu tari, aka kai musu ruwa da abinci. 'Ya'yan Bushiya uku suka ga damina, suka ga kaka, kuma da cutar ta wuce ba wanda ya yi ƙarfin halin cewa ƙanana su bar ramukan su koma kwari.

Zaki ya yi jinyar sati biyu. Yanzu da bakinsa yake hura kununsa, Dila kuma ya binciko cewa tsohuwar al'adar sarakuna ce.

Iskar tudu da ta kwari dai har yau ba a samu wanda ya nuna iyakarsu ba.