Yadda Za Ka Rage wa Motar Tsere Nauyin Faifai Ana Jibi Surukinka Zai Sauka Daga Makka

Idan kana da motar tsere a Zangon Kwatano, kuma zuciyarka na raya maka cewa ba ta zabura yadda ya kamata, wannan jagora naka ne. Matakai bakwai ne. An gwada su a kan mutum mai rai, Abdulƙahar, akawu a wani kamfanin shigo da kaya a Ganhi, kuma har yau yana nan da ransa. Duk wanda ya bi su yadda aka tsara, an ba shi tabbacin unguwa ba za ta manta da motarsa ba har ya yi furfura.

Mataki na ɗaya: San abin da za ka ɓata

Tsakanin inji da kuloci akwai wani faifan ƙarfe mai nauyi, makanikan Kwatano suna ce masa bolan. Idan inji ya juya shi, nauyinsa ne ke ci gaba da jan injin, kada ya mutu sa'ad da kake ɗaga ƙafa daga kuloci a hankali. Masu tsere sukan cire shi su sa marar nauyi, domin da an taɓa totur inji ya zabura. Ribar ke nan. Hasarar kuwa, motar ta daina jure tafiyar sannu.

A filin tsere ba a tafiyar sannu. A Zango babu wata tafiya sai ita: nan ana sauke buhunan albasa, can 'yan zemijan sun cika titi da baburansu, gaba kaɗan rago ya kwanta yana tunani. Kada ka tsaya auna wannan. Abdulƙahar bai tsaya ba. Ya kalli bidiyo goma sha huɗu a waya, na wasu mutane a ƙasar da titinta ba shi da rami, ya gama karatu.

Mataki na biyu: Nemi masani, don ka samu wanda za ka ƙi jin maganarsa

Abdulƙahar ya kai motar Godomey wajen Idrissou, makanike kuma abokinsa tun makarantar allo. Idrissou ya ɗaga sabon faifan da hannu ɗaya, ya jujjuya shi kamar murfin tukunya.

"A ina za ka yi tseren?"

"Hanyar Calavi."

"Wace Calavin? Shekara ashirin ina bin hanyar nan, ban taɓa ganin giya ta huɗu da idona ba."

"Kai dai ɗaura. Kilo sha ɗaya zai koma biyar."

"Mutumina, wannan ƙarfen da kake raina shi ne dattijon motar. In ka fitar da shi, yara ne kaɗai suka rage a ciki."

Idan an gaya maka irin wannan, yi murmushin wanda ya yi jami'a. Makanike mota kawai ya sani. Kai kuwa ka ga bidiyo.

Mataki na uku: Zaɓi makon da bai kamata ba

Wannan ne ginshiƙin aikin, saboda haka natsu.

Surukin Abdulƙahar, Malam Hudu dillalin shanu, zai sauka daga aikin Hajji ranar Alhamis. Shekara tara duk wata hidimar gidan, daga kai asibiti har ɗauko ragon layya, Sirajuddeen ne ke yi, mijin babbar 'yar gidan, da tsohuwar a-kori-kurarsa. Abdulƙahar kuwa a gidan surukai sunansa "mai motar wasa". Ba a taɓa aiken sa ko sayen ƙanƙara ba. Sai ga uwar gidan, Hajiya Fourera, ta yanke cewa motarsa ce za ta ɗauko Alhaji, tun da rufinta na buɗewa, jama'a za su gan shi. Sirajuddeen kuma zai bi baya da akwatuna da zamzam.

Dama ce guda. In ta yi kyau, Abdulƙahar ya shiga sahun mutane. In ta ɓaci, zai mutu yana mai motar wasa.

Matarsa Zuwaira ta san mijinta. Ta ce, "Baban Ilham, don girman Allah kada ka taɓa motar nan sai Baba ya shiga gida."

Ya ce, "Haba, sai ka ce yaro."

Ranar Talata aka ɗaura faifan.

Mataki na huɗu: Gwada ta inda ba za ka bi ba

Je bakin teku da hantsi, inda titi ya miƙe babu kowa. Nan za ka ga abin mamaki. Abdulƙahar ya taɓa totur, motar ta tashi kamar an mare ta, ya yi ta dariya shi kaɗai har hularsa ta tafi Togo.

Da ka tsaya za ka ji wata ƙara daga ƙasa, kamar ana wanke cokula a kwano. Idan ka koma gida matarka ta tambaya, ce mata haka masu tsada suke yi. Zuwaira ta saurara, ta ce, "To, Allah ya ƙara tsada," ta koma kan tuwonta.

Mataki na biyar: Idan ta mutu, kada ka yi bayani

Daga filin jirgi zuwa bakin Zango komai ya tafi daidai, ban da wahalar naɗe dattijo mai tsawo da jallabiya da sanda a kujerar da ta kusa taɓa ƙasa. A bakin unguwa ne aka tarar da jama'a. Sabon alhaji ba a wucewa da shi a guje. Kowa na son ya taɓa hannunsa, ya samu addu'arsa kafin ya taka ƙofar gida, lokacin da ake kyautata zaton ba a mayar da ita. Mata na guɗa, maza na kabbara, mota kuwa dole ta bi takun tsofaffi.

Abdulƙahar ya ɗaga ƙafa a hankali. Motar ta yi tari sau biyu ta mutu.

Ya tayar, ya ƙara wuta don kada ta sake. Ta yi tsalle, hiramin Alhaji ya sauko ya rufe masa fuska, wata tsohuwa ta tsallake kwata irin tsallen da ba ta yi ba tun tana budurwa. Ya taka birki. Ta mutu.

Daga bayansu Sirajuddeen ya leƙo ta tagar a-kori-kurarsa, da muryar da ta isa har masallaci: "Ƙanena, akwai igiyar shanu a nan, sabuwa ce. In ana bukata a yi magana."

A nan za ka so ka juya ka yi wa surukinka bayanin nauyi da juyi. Ba za ka iya ba. Mutumin da shekara shida ba ka haɗa ido da shi ba, wanda kake gaishe shi a durƙushe, ba yau za ka fara koya masa kimiyya ba. Riƙe sitiyari, kalli gaba, bar gumi ya yi magana.

Alhaji Hudu ya gyara hiraminsa. Ya dubi ƙafar surukinsa a kan kuloci, irin kallon da yake wa saniyar da mai ita ya rantse lafiyarta ƙalau. Sai ya ɗaga hannuwa biyu sama, ya fara addu'a da ƙarfi ga gidan da aka tsaya a ƙofarsa.

Titi gaba ɗaya ya amsa, "Amin!"

Mataki na shida: Bar motar ta zaɓi inda za ta mutu

Daga nan aiki ya samu tsari. Mota ta mutu, Alhaji ya ɗaga hannu. Mai shayi ya samu addu'a. Tela ya samu. Wani shagon gyaran waya da ba kowa a ciki shi ma ya samu.

Addu'a ta biyar ce ta zo da nauyi. Motar ta mutu daidai ƙofar Malam Shafi'i, wanda shekara huɗu ba sa ga-maciji da Alhaji, tun wata gardama a kan wani bijimi mai karyayyen ƙaho. Alhaji ya juyo ya dubi surukinsa. Abdulƙahar ya murɗa makulli da dukan imaninsa. Motar ta ƙi.

Alhaji ya ja dogon numfashi, ya ɗaga hannu. Kafin ya kai rabi Malam Shafi'i ya fito ba takalmi, yana kuka, ya rungume shi ta saman ƙofar mota. "Tun daga Makka ka ƙudurta wannan, Alhaji?"

Alhaji ya ce, "Allah ne ya tsayar da ni." Bai yi ƙarya ba.

Tafiyar minti goma ta ci awa ɗaya da rabi. Sirajuddeen ya iso da zamzam, ba wanda ya tambaye shi igiya.

Mataki na bakwai: Karɓi yabo da kai a sunkuye

Kafin la'asar labari ya zaga Zango: surukin Alhaji Hudu yaron kirki ne, har inji yake kashewa a ƙofar mutane don ladabi. Hajiya Fourera da kanta ta aiko masa da dabino, ta ce a gaya wa "ɗanta" Allah ya yi albarka.

Da aka watse, Alhaji ya sa aka kira shi zaure. Abdulƙahar ya durƙusa a bakin tabarma.

"Baban Ilham."

"Na'am, Baba."

"Addu'o'in da na haddace bakwai ne. A ƙofa bakwai ta mutu. Da ta ƙara ɗaya, da sai dai na sauka na tura." Ya miƙa masa carbi. "Ban san me ka cire mata ba. Ka mayar."

"In sha Allahu gobe, Baba."

"Ba gobe ba. Maƙwabciyarmu Hajiya Nadjoua ta riga ta roƙi uwarku kai da motar, mijinta zai sauka ran Asabar, kuma na amsa. Gida goma sha ɗaya ta lissafa a hanyarsu." Ya gyara zama. "Mijin nata ya je Makka sau uku, ya fi ni hadda."

Idan ka kai nan, ka gama. Kana da motar da ta fi kowace zabura a Kwatano, kuma duk unguwa na layi don ta fi kowace tsayawa.

Gargaɗi: mai wannan jagora ba makanike ba ne, ba malami ba ne, ko keke ba ya da shi. Ba ruwansa da kulocin da ya ƙone, ko tsohuwar da ta yi tsalle, ko sulhun da ba a shirya ba. Wanda kuma surukinsa bai haddace addu'a ko ɗaya ba, ya bar faifansa inda ya same shi, ko ya nemi lambar Sirajuddeen. Igiyar na nan, har yanzu sabuwa ce.